Kafin Ku Bar Babban Birni Zuwa Ƙaramin Gari A Bakin Teku

Tambayar da ake yi mini idan na zo hutu Zariya ta sauya. Da can ana tambaya ne yaya ake tafiya Ingila. Yanzu kuwa uwa ce za ta tako har gida a Tudun Wada, ta ce 'yarta da ta bar aiki a asibitin Shika bara tana Birmingham, haya ta cinye albashi, ga shi an yi mata tayin aiki a wani gari da ba wanda ya taɓa jin sunansa, wai a bakin teku yake. Ta tafi ne ko ta zauna? Nakan ce ta tafi, Hajiya, amma ta san cewa duk abin da ta tarar a shirye a birni, daga masallaci zuwa mahauci zuwa wanda zai riƙe mata yaro, a can ita ce za ta nema, wani lokaci ma ita ce za ta kafa. To ƙannena, ga bayanin a tsanake.

Akwai dalilin da ya sa aikin yake can. Garuruwa irin su Scarborough da Great Yarmouth da Skegness da Whitehaven wurare ne da tsofaffi ke komawa bayan ritaya, matasa kuma suna ficewa neman aiki. Rahoton da babban jami'in lafiya na Ingila, Chris Whitty, ya fitar a 2021 ya nuna haka ƙarara: cututtuka sun fi yawa a garuruwan gaɓar teku, ma'aikatan lafiya kuma sun fi ƙaranci. Saboda haka nas da likita da ma'aikacin ɗakin gwaji ana bukatarsu da gaske, kuma ana jin zuwansu. Haya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da Landan ko Manchester. Wannan duk gaskiya ne.

Sai dai kada ku ajiye aikin da ke hannunku sai takarda ta kammala. Bizarku a ɗaure take da wanda ya ɗauke ku aiki. Sabon wuri sai ya ba ku sabuwar takardar ɗaukar nauyi, ku nemi a sabunta bizar, a amince, sannan ku fara. Idan kuma aiki ya katse, yawanci kwana 60 ake bayarwa a samu wani. A birni asibitoci da gidajen kula da tsofaffi suna da yawa, idan nan bai yi ba sai a leƙa can. A ƙaramin gari sau da yawa asibiti ɗaya ne tal, na gaba da shi tafiyar awa guda. Ku yi wannan lissafin tun kafin ku sa hannu.

Gida shi ne inda aka fi yin kuka, don haka zan daɗe a kansa. Yawancin gidajen da ke kallon teku tsofaffi ne, an gina su tun zamanin Sarauniya Victoria don saukar masu yawon shaƙatawa, daga baya aka yayyanka su ɗaki-ɗaki. A hoto suna da kyau: dogon rufi, babbar taga, ruwa shuɗi a gabanka. A watan Janairu kuwa wannan dogon rufin shi ke shanye ɗumin da kuka biya kuɗinsa, iska mai gishiri tana shigowa ta gefen taga dare da rana. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ku hau jirgin ƙasa ku je ku ga gidan da idonku, in da hali a ranar da ake ruwa. Ku ja labule ku duba kusurwar taga, ku leƙa bayan kabad, ku shafa bangon da ke fuskantar waje da tafin hannu. Idan kun ji sanyi da laima, ko kun ga baƙin ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa toka, ko ɗakin yana warin sabon fenti a bango ɗaya kawai, funfuna ce aka rufe. Ba abin wasa ba ce, musamman ga mai yara ko mai asma; a 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a Rochdale sakamakon shaƙar funfunar gidansu. Ku nemi a nuna muku takardar da ke nuna yadda gidan ke riƙe ɗumi, mai haruffa daga A zuwa G. Doka ba ta yarda a ba da hayar gidan da ya gaza E ba, ni kuwa ina ba da shawarar a nemi C ko D. Ku tambaya da gas ake ɗumama gidan ko da lantarki, domin hita mai lantarki tana iya cinye duk rarar da kuka samu a kan haya.

Kuɗin ajiya a Ingila ba ya wuce hayar mako biyar, kuma dole mai gida ya saka shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30, ya ba ku shaida. Harajin kansila, wato na ƙaramar hukuma, daban yake da haya, wanda yake zaune shi kaɗai kuma ana rage masa kashi 25 cikin ɗari idan ya nema. Akwai wani tarko da ba a sani ba a birni: gidan da aka tanada don baƙin bazara, a ba ku shi da araha a watan Oktoba, da nufin a karɓe kafin masu yawon shaƙatawa su dawo. Ku tambaya kai tsaye, a kuma rubuta. Sannan ku saka lambar unguwar a shafin gwamnati na duba haɗarin ambaliya. A daren 5 ga Disamba 2013 teku ya yi toroƙo a gabashin Ingila, ruwa ya shiga ɗaruruwan gidaje a Boston, a Hemsby kusa da Great Yarmouth kuwa gidaje ne suka rufta cikin ruwa. Titi biyu ko uku daga bakin ruwa, a kan tudu, ya fi mini kowane kyan kallo.

Garin da kuka gani a watan Yuli da wanda za ku zauna a cikinsa a Disamba ba ɗaya ba ne. Da bazara titi cike yake, shaguna a buɗe, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare. Daga Nuwamba shagunan bakin ruwa da yawa sukan rufe, titi ya yi tsit, a Scarborough rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma. Mu da muka tashi muna jin kiran magariba tsakanin shida da bakwai shekara da shekaru, wannan yana taɓa zuciya fiye da yadda ake zato. Azahar da la'asar da magariba duk sukan faɗo cikin awa huɗu, kuna tsakiyar aiki, don haka ku yi magana da shugabar sashenku tun ranar farko, ku kuma nemi ɗakin ibada na asibiti. Alƙibla a can kudu maso gabas take. Da bazara kuma, daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli, shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya, lokacin isha da asuba sai da ƙiyasi. Ku riƙe jadawalin masallaci ɗaya, kada ku yi ta tsalle tsakanin manhajojin waya. Hukumar lafiya ta ƙasar tana ba da shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 a rana, ga masu baƙar fata kuma duk shekara. Idan baƙin ciki ya zauna muku ba dalili, barci ya rikice, ku ga likitan unguwa. Rajista kyauta ce, ku yi ta a makon farko.

Sai teku. Bazazzagi ya san Kubanni, ya san Galma, ya san ruwa yana ƙaruwa da damina ya ragu da rani, a hankali, ana gani. Teku kuwa sau biyu yake cika ya janye a kowace rana, lokacin kuma yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. Yashin da kuka shimfiɗa tabarma a kansa da hantsi, da la'asar ruwa ya shanye shi fiye da tsayin mutum. Kuma ba lallai ya zo ta gabanku ba, yakan zagayo ta kwari ya datse hanyar komawa kuna can kuna ɗaukar hoto. Haka ya faru a Morecambe a watan Fabrairun 2004, inda 'yan ƙasar Sin fiye da 20 da ke aiki a kan yashi suka halaka, baƙi ne kamarmu da ba su san halin wurin ba. Ku duba jadawalin cikar teku kafin ku fita, ana liƙa shi a bakin ruwa. Yara su shiga ruwa tsakanin tutoci masu ja da ruwan ɗorawa kawai, inda masu ceto suke. Jar tuta zalla tana nufin kada a shiga. Ruwan da sanyi ko da rana ta take, yana iya ɗauke numfashin gwanin iyo. Wanda ya faɗa ya kwanta rigingine ya buɗe hannuwa har numfashi ya dawo. Wanda ya gani ya kira 999 ya ce a haɗa shi da masu gadin gaɓar teku, kada ya bi shi ciki.

Mota a birni ado ce, a nan kuwa ƙafa ce. Bas yakan ɗauke da wuri, ranar Lahadi ya yi ƙaranci, mai aikin dare ba zai dogara da shi ba. Lasisin tuƙi na Najeriya yana aiki wata 12 ne daga ranar da kuka fara zama a ƙasar, ba daga ranar da kuka koma sabon gari ba, kuma ba a musanya shi, sai an yi jarrabawa. Ku nemi rana da wuri. Idan za ku sayi tsohuwar mota a can, a duba ƙarƙashinta, gishiri yana kawo tsatsa.

Cefane sai da tsari. Daga Scarborough zuwa York kusan minti 50 ne a jirgin ƙasa, Leeds da Bradford na gaba, daga Great Yarmouth kuma Norwich ce kusa. Ku sayi firiza babba, gida uku ko huɗu ku haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya je ya yiwo sayayyar naman halal ta wata guda. Kifi kuwa ga shi sabo a ƙofar gida, ku koyi cinsa. Iyaye masu haɗa tsaraba daga kasuwar Sabon Gari, kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji su ne abin aikawa. Kilishi da dambun nama da man shanu doka ta hana shiga da su.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne mutane. A Birmingham ko ba ku nemi kowa ba, Juma'a za ta haɗa ku da Bakano ko Basakkwace. A ƙaramin gari wataƙila masallacin gida ne da aka gyara, limamin likita ne ɗan Sudan ko Pakistan da ke fitowa daga aiki ya ja salla. Ku je, ku gabatar da kanku, ku ɗauki tsintsiya. Idan babu Islamiyya, ku da kuka yi allo a Zariya ku ne malaman. Yara huɗu a falo ranar Asabar makaranta ce. 'Yan'uwanmu Kirista na Wusasa da Samaru su ma za su tarar da coci mai tsofaffi kaɗan da ke murnar ganin sabuwar fuska. Maƙwabta Turawa za su san ku da sauri, domin tsohuwar da kuka yi wa allura jiya ita ce za ku haɗu da ita a kanti gobe. Ku gaishe ta, amma kada ku taɓa ambaton abin da ya kai ta asibiti. Za a kalle ku, wani lokaci a faɗi magana marar daɗi. A ƙarshen Yulin 2024 an kai wa masallacin Southport hari, garin bakin teku ne shi ma, washegari kuma mutanen garin ne suka fito suka share titi suka gyara katangar. Duk cin zarafi ku kai rahotonsa, a wurin aiki ko ga 'yan sanda ta lambar 101.

Magana ta ƙarshe ba a son yinta, amma dole ce. Ku tambayi kansila ko maƙabartar garin tana da ɓangaren Musulmi, idan babu ina ne mafi kusa, wa ke wanka, ina ake samun likkafani, nawa ne kuɗin kabari. Jana'iza a can tana cin dubban fam. Ko ku gida biyar ne, ku buɗe asusu kowa ya riƙa zuba wani abu duk wata, ku rubuta lambar wanda za a kira a Zariya, ku ba mutum biyu su ajiye.