Yadda ake lissafin faɗuwa da hawa a ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando

Kafin a fara musu a gidan kallo a Terminus ko Bukuru da ke yankin Jos kan wanda zai koma 'yan dagaji, a fara tantance ko gasar tana da ƙofar fita. Firimiyar Ingila tana da ita: ƙungiyoyi 20, wasa 38, ukun ƙarshe su sauka Championship, gasar rukuni na biyu. A gasar NPFL ta Najeriya, wadda Plateau United ta lashe a 2017, huɗu ne ke sauka NNL, rukunin da ke ƙasa da ita. NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kuwa a rufe take. Ƙungiyoyi 30 ne, kowace wasa 82, kuma ko ta ƙare a ƙarshen teburi, tana nan baɗi.

Lissafin ƙwallon ƙafa mai sauƙi ne. Ka ninka sauran wasanni da 3, har da kwantai, ka haɗa da makin da ke hannu. Idan jimillar ba ta kai makin ƙungiyar da ke mataki na 17 a Firimiya ba, ƙungiyarka ta faɗi. Idan maki ya zo daidai, rarar ƙwallaye ake dubawa, amma a La Liga karawar da suka yi da juna ce kan gaba. Kada a dogara da zancen cewa maki 40 ya isa. West Ham ta faɗi da 42 a 2003.

Nan ake yawan kuskure: ɗaukar wannan lissafi a kai shi kwando. Can babu canjaras, ana ƙara minti 5 har sai an samu gwani. A tsarin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, nasara maki 2 ce, rashin nasara maki 1, wanda bai fito fili ba sifili. Saboda haka ƙungiyar da ta fi buga wasanni tana iya hawa teburi alhali kashi take sha. Yawan nasara za ka ƙirga, sannan ka duba karawar juna.

A NBA, ƙasan teburi ma riba gare shi. Ƙungiyoyin da ba su kai wasannin fitar da zakara ba suna shiga ƙuri'ar zaɓen sabbin 'yan wasa, shi ya sa wasu ke ajiye manyan 'yan wasansu a ƙarshen kaka, abin da ke cutar mai kallon da ya biya kuɗinsa. G League, ƙaramar gasar da ke ƙarƙashin NBA, wurin renon 'yan wasa ne, zakaranta ba ya hawa NBA.

Mai neman faɗuwa ta gaske a kwando ya duba gasar ACB ta Sifaniya, inda biyun ƙarshe cikin 18 ke sauka. Sai dai a can ma an sha samun ƙungiyar da ta ci hawa a fili, sharaɗin kuɗi ya hana ta shiga.