Yadda Iyaye da Malamai a Amurka Za Su Tare Harbin Makaranta Kafin Ya Auku

Idan mutumin Najeriya ya ji an kai wa makaranta hari, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne Buni Yadi ko Chibok a shekarar 2014, inda 'yan bindiga suka zo daga waje cikin dare. Abin da ke faruwa a Amurka ya sha bamban da wannan, domin a mafi yawan lokuta mai harbin ɗalibin makarantar ne ko tsohon ɗalibinta, wanda malamai suka san sunansa, abokai kuma suka san halinsa. Kasancewarsa ɗan gida shi ne abin tashin hankalin, amma kuma shi ne ya sa ake iya tare shi, muddin waɗanda ke kusa da shi sun san abin da za su lura da shi da kuma inda za su kai magana.

Matakin farko shi ne mutum ya cire wa kansa tunanin cewa akwai wata kama ta musamman da ake gane mai harbi da ita. Bayan harin makarantar Columbine da ke jihar Colorado ranar 20 ga Afrilun 1999, hukumar Secret Service mai tsaron shugaban ƙasa da Ma'aikatar Ilimi ta Amurka sun binciki hare-hare 37 da aka kai tsakanin 1974 da 2000, suka fitar da rahoto a 2002. Sun tarar cewa maharan 41 duk maza ne, amma ban da wannan sun bambanta ta fuskar gida da ƙoƙari a aji da yawan abokai, kuma da damansu ba su taɓa shiga wata babbar matsala a makaranta ba. Saboda haka sa wa yaro ido don kawai ba ya son magana, ko don irin tufafin da yake sawa, ɓata lokaci ne, kuma zalunci ne. Abin dubawa shi ne abin da yaro yake faɗa da abin da yake aikatawa.

Rahoton nan ya gano wani abu da ya fi komai amfani ga mai son rigakafi: a kashi 81 cikin ɗari na hare-haren, akwai aƙalla mutum ɗaya da ya san da shirin tun kafin ranar, kuma kusan ko da yaushe wannan mutum aboki ne ko ɗan aji ko ɗan'uwa, ba babba ba. Wato maganar tana fita, sai dai ba ta isa kunnen wanda zai iya ɗaukar mataki. Yara suna yin shiru ne saboda sun ɗauka wasa ne, ko suna gudun a ce sun ci amanar aboki, ko kuma sun taɓa kai ƙara ba a yi komai ba. Aikin iyaye a nan shi ne su zaunar da ɗansu tun babu abin da ya faru, su bayyana masa cewa idan wani ya ce masa kada ya zo makaranta gobe, ko ya nuna masa hoton bindiga tare da sunayen mutane, ko ya riƙa yabon waɗanda suka kai hari a baya, to ya faɗa wa babba a ranar, ko da yana ganin raha ce. Jihar Colorado ta buɗe layin Safe2Tell a 2004 domin ɗalibi ya ba da labari ba tare da an san sunansa ba, jihohi da dama kuma sun bi sahu, don haka ya kamata iyaye su nemi lambar ta jiharsu su saka ta a wayar yaro.

Sai kuma a fahimci abin da ke tunzura yaron, domin ruwa ba ya tsami banza. Kashi 71 cikin ɗari na maharan da aka bincika sun ji cewa ana tsangwamarsu ko ana cin zalinsu, kashi 78 kuma sun taɓa tunanin kashe kansu ko sun gwada. Katherine Newman, masaniyar zamantakewa da ta yi nazarin harbin makarantar West Paducah a Kentucky na 1997 da na Jonesboro a Arkansas na 1998, ta nuna cewa irin waɗannan yara ba masu gudun jama'a ba ne, masu neman shiga ne da ake ta korarsu, a cikin ƙananan garuruwa inda darajar yaro namiji ta rataya a kan ƙarfi da wasanni, inda kuma wanda aka raina ba shi da wani wurin da zai koma. A irin wannan yanayi bindiga kan zama hanyar da yaro ke ganin zai dawo da mutuncinsa. A ganina, wannan ne ya sa yaron da ya yi barazana ya fi buƙatar a tambaye shi ko yana tunanin kashe kansa fiye da a yi masa tsawa. A yi tambayar kai tsaye, kuma idan ya amsa da e, a kira layin 988 na taimakon masu tunanin kashe kansu, wanda ke aiki a duk faɗin ƙasar tun 2022.

Batun wasannin bidiyo, wanda 'yan siyasa ke yawan ɗora wa laifi, bai cancanci dogon bayani ba. Matasan Japan da Koriya ta Kudu suna buga su sosai, amma ba a san ƙasashen da harbin makaranta ba. Kwaikwayo ya fi wannan haɗari, domin an samu mahara da yawa da suka yi nazarin Columbine kafin nasu harin, shi ya sa ma ba a ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu a nan ba.

Abin da Amurka ta fi sauran ƙasashe da shi shi ne yawan makami a hannun farar hula, wanda cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta da bindigogi miliyan 393 a 2017, adadin da ya haura yawan mutanen ƙasar. Wani binciken Secret Service na 2019 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na ɗaliban da suka kai hari da bindiga sun samo ta ne daga gidan iyayensu ko na wani ɗan'uwa na kusa. Duk mai bindiga a gida ya cire mata harsashi, ya kulle ta a akwatin ƙarfe, ya ajiye harsashin a wani wuri dabam, kuma kada yaro ya san lambar makullin. Wanda ba shi da ita ma yana da aiki, domin kafin ɗansa ya je wuni a gidan aboki ya dace ya tambayi masu gidan ko suna da bindiga da kuma yadda suke ajiye ta. Baƙon da ya taso inda irin wannan tambaya ke kama da rashin kunya zai ji nauyinta, amma likitocin yara a Amurka su da kansu suke ba iyaye shawarar yin ta.

Abin da ya faru a makarantar Oxford da ke Michigan ranar 30 ga Nuwamban 2021 ya nuna yadda ake rasa dama a tafin hannu. Da safiyar ranar aka ga wani ɗalibi ɗan shekara 15 ya zana bindiga da jini a takardar aikin lissafi, ya kuma rubuta cewa tunanin ya ƙi barinsa, a taimake shi. Aka kira iyayensa ofis, suka zo, amma ba su tafi da shi gida ba, ba su kuma ambaci cewa kwana 4 kafin nan uban ya saya masa bindiga ba. Babu wanda ya buɗe jakarsa, alhali bindigar tana ciki. Ya koma aji, da rana ya harbe ɗalibai, 4 suka rasu. A 2024 kotu ta samu uwar da uban da laifin kisa ta hanyar sakaci, ta yanke wa kowannensu ɗaurin shekara 10 zuwa 15. Duk malamin da ya samu kansa a irin wannan zama, wajibi ne ya tambayi iyaye ƙarara ko yaron yana iya kaiwa ga makami, a duba jakarsa da akwatin ajiyarsa, kuma kada a bar shi shi kaɗai har sai ƙwararre ya gan shi.

A matakin makaranta, tsarin da ya fi dacewa shi ne kwamitin tantance barazana, wanda ya ƙunshi shugaban makaranta da mai ba ɗalibai shawara da masanin halayyar ɗan'adam da jami'in tsaro, kuma jihar Virginia ce ta fara wajabta shi a makarantun gwamnati a 2013. Amfaninsa shi ne tattara guntayen labarai wuri ɗaya, tunda sau da yawa malamin Turanci ya ga rubutu mai ban tsoro, direban bas ya ji wata magana, amma babu wanda ya haɗa su. Korar ɗalibi kawai ba ta kawar da haɗari: wanda ya kashe mutum 17 a wata makaranta a garin Parkland na jihar Florida a Fabrairun 2018 tsohon ɗalibi ne da aka riga aka fitar daga makarantar, kuma hukumar FBI ta amince cewa an kira ta a kansa a watan Janairu ba ta bi diddigi ba. Don haka wanda ya kai rahoto ya rubuta rana da sunan wanda ya karɓa, ya sake tuntuɓa washegari, ya kuma sanar da makaranta da 'yan sanda duka biyu. A jihohin da ke da dokar karɓe makami na ɗan lokaci, irin wadda Florida ta kafa bayan Parkland, ana iya neman alƙali ya ba da umarnin karɓe bindigar, sai dai a Florida 'yan sanda ne kaɗai ke shigar da buƙatar, a California kuwa dangi ma suna iya shigarwa. Idan kuma barazanar ta ambaci rana ko wuri ko sunan wani, lambar gaggawa ta 911 ake kira nan take.