Yadda na shawo kan yunwa bayan na bar alkama

Da likita a Sakkwato ya tabbatar min da cutar seliyak, wadda ke sa alkama ta raunata hanjin mai ita, na bar burodi, taliya da duk abin fulawa. Sai yunwa ta taso min, in ci tuwo yanzu, anjima cikina na kuka. Ashe hanjin da alkama ta raunata ne ke warkewa, jiki na neman abin da ya rasa.

Farar shinkafa da kunu ba sa riƙe ni. Na koma wake, ƙwai da kwaɗon zogale mai ƙuli-ƙuli, da rana kuma fura da nono. Yunwar ta lafa. Ɗanwaken kasuwa dai na haƙura da shi, don wasu na zuba fulawa, kuma ba na kai niƙa injin da ke niƙa alkama.