Yadda Ake Samun Baƙi Ƙirin da Fari Fat a Hoton Fim

Hoton baƙi da fari mai tsananin bambanci shi ne wanda duhunsa ya yi baƙi ƙirin, haskensa ya yi fari fat, launin toka da ke tsakaninsu kuma ya taƙaita, har siffar abin da aka ɗauka ta fito ɓaro-ɓaro. Ana iya ƙara wannan bambanci a wurare huɗu: wajen zaɓen haske, wajen ɗauka, wajen wankin fim, da wajen buga hoton a takarda. Amma wuraren ba darajarsu ɗaya ba, domin takarda idan ta lalace ana iya jawo wata a sake, shi kuwa fim sau ɗaya ake wanke shi, abin da ya ɓace a cikinsa ya ɓace ke nan. Saboda haka shawarata ita ce a nemi mafi yawan bambancin daga haske da kuma takarda, a bi fim a hankali.

Haske shi ne tushen aikin. Rana mai ƙarfi da ke bugun abu daga gefe tana raba shi gida biyu, ɓangare ɗaya a haske, ɗayan a inuwa, kuma tana fito da kaushin bango, da tamojin fuska, da zanen itace. Da safe ko da yamma, lokacin da rana ta yi ƙasa, inuwa takan yi tsawo ta zama wata siffa mai zaman kanta a cikin hoton. Idan hasken yana bayan mutum, jikinsa zai zama baƙar sura a kan farin fili. A cikin ɗaki kuwa, taga ɗaya ko fitila ɗaya tsirara ta wadatar, muddin an kashe sauran fitilu, an kuma nisantar da mutumin daga farin bango wanda zai mayar da haske cikin inuwar. Ranar da gajimare ya rufe sama, haske yakan bazu ko'ina daidai wa daida, kuma duk dabarar da aka yi daga baya ba ta kai ta wanda ya yi haƙuri ya jira rana. Akwai kuma ɗan abin da ake rainawa: hular da ake ɗaura wa bakin lens, wato jerin gilasan gaban kyamara da haske ke shiga ta cikinsu. Hasken da ya kutsa daga gefe yakan warwatsu cikin gilasan, ya shafa wa baƙi wani hazo, ya mayar da shi toka-toka, musamman a tsofaffin lens.

Wajen auna haske, dole a san cewa mitar kyamara tana ƙoƙarin mayar da duk abin da aka nuna mata matsakaicin launin toka. Idan aka bar ta ta auna fili mai yawan inuwa, za ta buɗe wa haske hanya fiye da kima, inuwar ta dusashe, wurin da rana ta buga kuma ya ƙone. Abin yi shi ne a matsa kusa a auna ɓangaren da ke cikin haske, a ƙara masa mataki ɗaya idan ana son ya fito da haske, a bar inuwa ta faɗa inda za ta faɗa. Mataki a nan yana nufin ninka haske ko raba shi biyu, kamar tashi daga 1/250 zuwa 1/125 na daƙiƙa a lokacin da kyamara ke buɗewa, ko daga f/8 zuwa f/11 a faɗin ƙofar lens. Wanda yake son a ɗan ga wani abu cikin inuwar sai ya auna ita kanta, ya rage mataki biyu, wanda shi ne ƙa'idar tsarin shiyyoyi da Ansel Adams da Fred Archer suka tsara a Amurka wajajen 1940.

Daga nan sai gilashin launi da ake ɗaurawa gaban lens, wanda masu sana'ar ke kira filta. Ƙa'idarta guda ce: tana haskaka abin da ke da launi irin nata, tana duhunta kishiyarsa. Rawayar filta tana ɗan duhunta shuɗin sama don gajimare ya fito, kuma tana cin kusan mataki ɗaya na haske. Mai ruwan lemo ta fi ta ƙarfi, tana cin kusan biyu. Jar filta mai lamba 25 tana cin mataki uku, tana mayar da shuɗin sama kusan baƙi, tana kuma zurfafa inuwa, domin inuwar fili hasken shuɗin sama ne ke cika ta. Da jar filta mai duhu Adams ya ɗauki shahararren hotonsa na dutsen Half Dome a 1927, bayan ya fara gwada rawaya ya ga ba za ta ba shi sararin da yake hangowa a zuciyarsa ba. Mitar wasu kyamarori takan yi kuskure idan ta auna ta cikin jan gilashi, don haka ya fi aminci a auna babu filta, sannan a ƙara matakan da hannu: idan mita ta ce 1/500 a f/11, da jar filta sai a koma 1/60 a f/11. A lura cewa filta ba ta da abin da za ta yi wa farin sama mai hazo, tun da babu shuɗin da za ta tare, kuma a hoton fuska jar filta takan sa jan leɓe ya koɗe.

Game da zaɓen fim, marasa sauri, wato masu ƙaramar lambar ISO waɗanda ke buƙatar haske da yawa, su suka fi bambanci tun daga masana'anta. Ilford Pan F Plus mai ISO 50 misali ne, sai dai ba ya son a bar shi watanni bayan ɗauka ba a wanke ba. Kodak Tri-X da Ilford HP5 Plus, dukansu masu ISO 400, sun fi sassauci, kuma su aka fi amfani da su a dabarar da ake kira tura fim.

Tura fim yana nufin a gaya wa kyamara cewa fim ɗin ya fi yadda yake sauri, misali a saita na 400 a 1600, wato a rage masa haske da mataki biyu, sannan a tsawaita lokacin wankinsa. Abin da ke faruwa cikin tankin wanke fim shi ya bayyana sirrin. Wuraren inuwa, da yake haske kaɗan suka samu, sukan gama fitowa da wuri su tsaya, su kuwa wuraren haske suna ci gaba da kauri muddin fim yana cikin sinadari. Ke nan ƙarin lokaci yana nisanta fari daga baƙi, amma ba ya ƙirƙiro abin da haske bai rubuta a inuwa ba. A jadawalin kamfanin Ilford, HP5 Plus cikin sinadarin ID-11 da ba a surka ba, a zafin digiri 20 na ma'aunin Celsius, yana ɗaukar minti bakwai da rabi a 400, minti goma da rabi a 800, minti goma sha huɗu a 1600. Sakamakon shi ne baƙar inuwa mara komai a ciki, da tsakin fim, wato ɗigo-ɗigon da ke jikin hoto, da ya fito sosai, kamar yadda ake gani a hotunan titi na Daido Moriyama na ƙasar Japan. Wanda wannan kama yake so, ya samu. Wanda kuwa yake son bambanci amma ba ya son rasa inuwarsa, gara ya ɗauka a saurin da aka rubuta a kwali, ya ƙara lokacin wanki da kashi ashirin zuwa talatin cikin ɗari. Ko wanne aka zaɓa, hukuncin ya hau kan naɗin fim ɗin gaba ɗaya, don haka a rubuta saurin a jikinsa da zarar an cire shi, kada a manta.

Banda lokaci, abubuwa uku suna taɓa bambanci a wanki. Sinadari mai kauri ya fi surkakke ƙarfi: Rodinal, wanda aka yi wa rajista a Jamus tun 1891, ya fi cizo idan aka haɗa kashi ɗaya da kashi 25 na ruwa fiye da kashi ɗaya da 50. Yawan jujjuya tanki yana kai sabon sinadari wuraren haske, yana ƙara musu kauri. Zafi ma haka, domin ƙarin digiri ɗaya ya kusa daidai da ƙarin kashi goma cikin ɗari na lokaci. Kuskuren mai koyo shi ne ya haɗa duka a rana ɗaya, ya tura fim, ya ƙara kaurin sinadari, ya yi ta girgiza tanki, daga ƙarshe ya fito da nagatif, wato wankakken fim, da wuraren haskensa suka toshe, hasken injin bugawa ba ya ratsa su. A canja abu ɗaya a kowane naɗi, a rubuta shi a littafi, a duba nagatif a gaban farin haske. Idan har ana iya hango ɗan zane a wurin da ya fi kauri, ba a wuce gona da iri ba.

A ɗakin duhu ne mutum yake da 'yancin gwaji. Takarda mai sauya daraja, irin Ilford Multigrade, tana bayar da bambanci daga 00 zuwa 5 gwargwadon filtar da aka sa a injin faɗaɗa hoto, rawaya tana sassautawa, majenta, wato ja mai sirkin shuɗi, tana tsanantawa. Daraja ta 2 ita ce matsakaiciya. A fara da ita a samo lokacin da wuraren haske suka fito da ɗan launi kaɗan, sannan a hau zuwa 3 ko 4 har baƙin ya cika, tare da sake yanka takardar gwaji, domin a jerin filtocin da aka saba da su daraja ta 4 da ta 5 suna buƙatar kusan ninkin lokaci. Hanyar da na fi so ita ce a raba bugun gida biyu a kan takarda ɗaya: na farko da filta 00 don kafa wuraren haske, na biyu da filta 5 don kafa baƙi. Amfaninta shi ne ana iya ƙara wa sama ko gefen hoto lokacin haskawa da filta 5 kaɗai don su yi duhu, a kare fuska da ɗan kwali a kan waya, kowane ɓangare ya samu bambancin da ya dace da shi.

Sau da yawa baƙin da ya ƙi cika ba laifin nagatif ba ne. Ko dai an cire takarda daga sinadari kafin lokacinta, alhali mai rufin roba tana son cikakken minti ɗaya, ta zare kuma biyu zuwa uku, ko sinadarin ya gaji, ko kuma jar fitilar ɗakin tana shafa wa fari hazo. Ana gane na ƙarshen ta hanyar ɗan haska takarda da injin, a ɗora mata kwabo, a bar ta minti biyar ƙarƙashin fitilar, a wanke. Idan zagayen kwabon ya bayyana, fitilar ta yi kusa ko ta yi ƙarfi. Kada kuma a yanke hukunci kan jiƙaƙƙen hoto, domin takardar zare takan ƙara duhu a wuraren haske idan ta bushe. Tsoma hoto cikin sinadarin seleniyam yana ƙara zurfin baƙi, amma guba ne, sai da safar hannu da ɗaki mai iska.

Wanda ba shi da ɗakin duhu, yana sikanin nagatif zuwa kwamfuta, ya kashe gyaran da na'urar ke yi da kanta, ya ɗauko hoton a sassauce yadda komai na inuwa da na haske zai shigo. Bayan haka sai ya kafa iyakar baƙi da ta fari a manhajar gyara, ya lanƙwasa layin haske kamar harafin S, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan har inuwa ta zauna ba tare da fuska ta ƙone ba.