Kurakuran da aka fi yi wajen yanke wa tsoffin finafinan kaboyi hukunci

Bidiyon da ake harhaɗa gutsattsarin tsoffin finafinan kaboyi a ciki ya yawaita a YouTube: sukuwar dawakai, musayar wuta a bayan duwatsu, dambe a cikin mashaya. Dattawan da suka kalli irinsu a silima sukan ce daga nan ba a sake yin fim ba. Matasa kuma su ce shirme ne kawai. Kowane ɓangare da inda yake kuskure, kuma tushen yawanci ɗaya ne, wato rashin sanin yadda aka yi finafinan da dalilin yin su.

Babban kuskuren shi ne auna su da ma'aunin manyan finafinai. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, gidajen silima sun koma nuna fim biyu da tikiti ɗaya don jawo 'yan kallo. Ɗaya babba ne mai fitattun taurari, ɗayan kuma na cike gurbi, kuma yawancin finafinan kaboyin nan irin na cike gurbin ne. Ƙananan kamfanoni irin su Monogram da Republic, wanda aka kafa a 1935, su suka riƙe wannan kasuwa. Fim ɗin bai cika wuce awa ɗaya ba, kuma sau da yawa cikin mako guda ake gama ɗaukarsa. Shi ya sa za ka ga dutse ɗaya a finafinai barkatai, domin wurare kaɗan ake zuwa, kamar duwatsun Alabama Hills da ke kusa da garin Lone Pine a Kalifoniya. Wani lokaci ma sukuwar da ka gani an yanko ta ne daga wani tsohon fim na kamfanin. In za ka yi adalci, tambayi kanka me suka iya yi da kwana shida da 'yan daloli. John Wayne kansa ya yi irin waɗannan har 16 tsakanin 1933 da 1935 kafin sunansa ya fito a 1939.

Akwai kuma masu ɗora wa fim laifin kwafin da suka samu. Da yawa daga cikin finafinan nan ba a sabunta haƙƙin mallakarsu ba bayan shekara 28 kamar yadda dokar Amurka ta lokacin ta tanada, sai suka zama na kowa, aka yi ta kwafa daga kwafi har hoton ya dushe. Ga kuma masu haɗa bidiyo da ke miƙe hoton don ya cika faffaɗan allo, alhali asalinsa 4:3 ne, wato faɗi huɗu, tsayi uku, irin na tsohuwar talabijin. In ka ga doki ya yi faɗi, mahayi ya gajarce, saita allonka ya koma 4:3, ka bar baƙin gefen nan yadda yake. Wanda aka shafa wa launi da kwamfuta kuwa, nemi na asali mai baƙi da fari, don da shi mai ɗaukar hoto ya auna haskensa.

Abin da ya fi damuna shi ne cewar da ake yi faɗan duk na bogi ne. Naushin dai na bogi ne, amma dabara ce da aka zauna aka ƙirƙira. Yakima Canutt, gwanin gasar hawan dawaki wanda ya koma yin wasannin kasada a madadin jarumai, shi da John Wayne suka gyara salon wuce da hannu ta gaban fuskar abokin faɗa yayin da kyamara ke wani kusurwa da zai nuna kamar an same shi. Har gobe da wannan ake aiki. Tsalle daga doki zuwa doki kuwa, ko faɗowa daga keken doki yana gudu, mutum ne da jikinsa, babu kwamfuta. In ka iso irin wurin nan, rage gudun bidiyon ka duba ko an yanka hoton. Sau da yawa za ka tarar ba a yanka ba.

A nan ne kuma masu begen tsohon zamani suke yin nasu kuskuren. Faɗuwar dokin da suke yabawa, da waya ake yin ta a wancan lokaci: a ɗaure ƙafafun gaba, doki na tsakiyar gudu wayar ta ƙare, ya kifa da ka. Dawakai da yawa sun karye, wasu sun mutu. Sai da wani doki ya mutu bayan an tunkuɗa shi daga kan dutse a wani fim na 1939, jama'a suka yi ca, sannan daga 1940 aka ba ƙungiyar kare dabbobi damar sa ido a wuraren ɗaukar fim. Duk wanda ya san darajar doki bai kamata ya tafa wa wannan ba.

Kada kuma a ɗauki fim a matsayin tarihi. Zamanin kora garken shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa bai wuce kimanin shekara 20 ba bayan 1865, kuma aikin kiwo ne mai wahala da ƙaramin albashi, harbe-harbe kaɗan ne a ciki. Makiyayan da yawa baƙar fata ne da 'yan Meziko, amma a allo kusan duk farare aka nuna. 'Yan asalin ƙasar kuwa, waɗanda aka ƙwace wa ƙasa, su aka mayar maharan da ake harbewa ana murna. Ka ji daɗin sukuwar, amma in yara na kallo tare da kai, gaya musu wannan.

Maganar cewa jarumi kullum farar hula yake sawa, bos kuma baƙa, ba ta tsaya ba: William Boyd ya fito a matsayin Hopalong Cassidy sau 66, kuma da baƙaƙen kaya aka san shi. Haka nan a daina cakuɗa waɗannan da na Italiyawa irin su darakta Sergio Leone, waɗanda suka zo a shekarun 1960, aka ɗauki yawancinsu a Sifen. Kafin nan talabijin ta riga ta kashe kasuwar ƙananan finafinan kaboyi na Amurka.

Matasan da ke cewa wannan ba abin da ya shafe mu su ma su sake tunani. Tun 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, kuma finafinan kaboyi na cikin abin da iyayenmu suka fara kallo a birane kafin na Indiya su mamaye. Tasirin ya kai har Moustapha Alassane na Nijar ya yi fim a 1966 a kan saurayin da ya dawo gida da kayan kaboyi a akwati, ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu.

Gutsattsari dai ba ya nuna fim. Mai haɗawa ya zaɓi harbi da sukuwa, ya zubar da waƙa da barkwanci da rigimar fili ko ta ruwa da ta haddasa faɗan. Zaɓi guda ɗaya na Gene Autry ko Roy Rogers, jaruman kaboyi masu waƙa, mai tsabtar hoto, ka kalle shi daga farko har ƙarshe kafin ka rubuta ra'ayinka. Awa ɗaya ce kawai.