Yadda ake gano burujin Asad da galaksin da ke cikinsa

Cikin buruji goma sha biyu da rana ke ratsawa a shekara, Asad na daga cikin 'yan kaɗan da siffarsu ta yi kama da sunansu, wato zaki a kwance. Lokacinsa Maris zuwa Mayu ne. A farkon Maris sai tsakar dare yake kaiwa ƙololuwar sama, a tsakiyar Afrilu kuwa yana can tun wajen ƙarfe 9 na dare, domin kullum taurari suna rigan fitowarsu ta jiya da kusan minti 4. Daga wajen 10 ga Agusta zuwa tsakiyar Satumba rana ce a cikinsa, kada ma ka wahalar da kanka.

Fara da ido. Ka nemi taurari shida masu siffar lauje, ko alamar tambaya da aka juya ta baibai: kan zakin ke nan da gezarsa. A gindin laujen akwai Regulus, wanda Larabawa ke kira Ƙalbul Asad, zuciyar zaki, fari mai ɗan shuɗi. In laujen ya ɓace maka, duba arewa ka sami taurari bakwai masu siffar ludayi. Biyun da ke bakin ludayin, Dubhe da Merak, su ake bi zuwa tauraron arewa. Bi layinsu ta ɗaya ɓangaren, zai sauke ka a gadon bayan zaki. Wanda ke kudancin duniya zai gan shi kai ƙasa.

Awon sama da hannu ake yi. Miƙe hannu sosai: dunƙulensa yana rufe digiri 10, yatsu uku 5, ƙaramin yatsa 1. Dunƙule biyu da rabi gabas da Regulus za ka tarar da Denebola, wutsiyar zakin, wanda ya yi kusurwa uku da Zosma da Chertan. Riƙe Chertan da kyau, za a dawo kansa.

Regulus bai kai rabin digiri ba daga hanyar da rana ke bi, don haka wata kan rufe shi jifa-jifa, duniyoyi masu kewaya rana irin su Mushtari ko Zuhal kuma kan zo su tsaya kusa da shi su rikita siffar. In ka ga wani mai haske da ba ya cikin taswira kuma ba ya ƙyalƙyali, duniya ce, ba tauraro ba.

A ma'aunin hasken taurari, ƙaramar lamba ita ce mai haske. Regulus 1.4 ne, kuma haskensa kan yi shekara 79 kafin ya iso mu. Denebola 2.1, shekara 36. Ido a wuri mai duhu yana tsayawa ne a wajen 6.

Da madubin hangen nesa, abin da ya fi daɗin kallo shi ne Algieba, a wuyan zakin. Da ido tauraro ɗaya ne, amma biyu ne masu ruwan zinariya, ɗaya ya ɗan fi ɗaya, tsakaninsu bai kai daƙiƙa 5 ta kusurwa ba (digiri ɗaya daƙiƙa 3600 ne). Ana son ƙarfin girmamawa kamar 100. Lissafinsa ba wuya: raba tsawon tattara hasken madubin da lambar da ke jikin gilashin ido. Madubi mai milimita 1200 da gilashi mai milimita 10 ya ba ka 120. In hoton na rawa kamar abu a cikin ruwa, ko iska ce ba ta kwanta ba, ko madubin bai huce ba. Fitar da shi waje minti 30 kafin ka fara. Wani tauraro da tabarau mai ido biyu ke nunawa gefen Algieba, 40 Leonis, ba abokinsa ba ne, layi ne kawai ya haɗa su.

Galaksi kuwa, wato manyan tarin taurari masu matuƙar nisa, sai an shirya musu. Nan duhun sama ya fi girman madubi muhimmanci. Zaɓi dare marar farin wata, ka nisanci fitilu, in akwai hazo ka haƙura. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma leƙa waya sau ɗaya ya isa ya rushe wannan. Jar fitila marar ƙarfi ake duba taswira da ita.

Koma kan Chertan. Sa gilashin da ya fi faɗin fili, misali mai milimita 25, wanda a madubin nan zai ba ka 48 da fili kamar digiri 1. Sauka kudu digiri 2 har ka sami 73 Leonis, mai lamba 5.3, sannan ka matsa gabas ƙasa da digiri 1. Ga galaksin M65 da M66 nan gefe da gefe, waɗanda Charles Messier ya gano a 1780 (harafin M na nufin lambarsu a jerin da ya tsara). Haskensu ya yi tafiyar shekara kusan miliyan 35. Kada ka sa ran abin da ke cikin hotuna. Tabo biyu za ka gani, toka-toka, masu siffar ƙwai, kamar an shafi baƙin allo da yatsa. M66 ya fi haske, M65 ya fi siranta. Na ukunsu, NGC 3628, wanda William Herschel ya gano a 1784, yana rabin digiri da ɗan ɗori arewa da M66, kuma shi ke ba mutane wahala, domin ta gefe muke ganinsa, haskensa ya bazu a dogon zare. Madubi mai faɗin milimita 100 zai nuna biyun farko. Na ukun ya fi son 150 zuwa sama.

Dabarar ita ce kada ka kalli galaksin kai tsaye. Kawar da ido kaɗan gefe, hankalinka na kan wurin, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske marar ƙarfi. Ɗan taɓa madubin ya girgiza, ido yana saurin kama abu mai motsi. Kuma ka tuna yawancin madubai suna juya hoto. In ka rasa gabas da yamma, sake madubin: inda taurari ke zamewa su fita, can ne yamma. Kuskuren da aka fi yi shi ne fara nema da babban ƙarfi. Fili ya ƙuntata, sai mutum ya wuce galaksin bai sani ba. Na biyu shi ne ƙaramin madubin saiti, wanda ke ɗaure a jikin babban, in bai daidaita da shi ba. Gyara shi a kan Regulus tun farko.

Akwai wani rukunin kusan digiri 9 gabas da Regulus: M95, M96 da M105, duk Pierre Méchain ne ya gano su a 1781. M95 ne mafi dusashewa. Sai NGC 2903, digiri ɗaya da rabi kudu da Alterf, tauraron da ke gaban bakin laujen. Bai shiga jerin Messier ba, alhali ya fi wasu na cikin jerin sauƙin gani, shi ya kamata sabon shiga ya gwada bayan M66.

In raɓa ta sauka, za ka ga galaksin sun dushe a hankali har su ɓace. Kada ka goge gilashin da tsumma, zai karce. Sa wa madubin doguwar hula ta kwali a baki tun kafin ka fara, gilashin ido kuma ya zauna cikin aljihu har sai an buƙace shi.