Kai motar tsere filin gasa ba tare da aljihu ya huje ba

'Yan uwa, wanda ba ya wuce gasa uku a shekara, sayen sabuwar tirela, wato ɗan keken da ake jonawa a bayan mota a ɗora motar tsere a kai, asara ce. Ka yi haya, ko ku haɗa kuɗi ku biyu ku sayi ta hannu, mai taya huɗu da birkinta.

Kafin nan duba ƙarfin motar da za ta ja. Motar tsere ta rukunin Rally2 kaɗai ba ta gaza kilo 1,230, ga nauyin tirela, ga tayoyi da jarkokin mai. Mazauna Ingila, Scotland da Wales kuwa, tun Disamba 2021 lasin ƙaramar mota ya isa jan tirela har kilo 3,500.

In ka ɗora motar tseren a kan tirela, ɓangaren injinta ya kasance gaba, in ba haka ba tirela za ta riƙa rawa a hanya. Ɗaure tayoyin motar huɗu da bel, bayan kilomita 20 ka tsaya ka ƙara tamkewa.